Fuskar Lyuben da Na Daidaita

Alhamis, 6 ga Maris, ƙarfe 7:50 na yamma

Ko takalmi ban cire ba. Bari in rubuta tun raina yana tafasa, don na san halina, gobe zan fara nema masa uzuri.

Tihomir ya ci mutuncina a gaban mutum goma sha ɗaya. Tihomir fa! Mai haɗa haƙoran roba, wanda ya baro garin Varna wata biyar da suka wuce da kyamararsa mai kuɗin mota, shi ne yau zai koya mini yadda fuskar ɗan Adam take. Ni da na shekara goma sha huɗu ina hawa matattakalar gidan karatun unguwarmu duk Alhamis, tun ƙungiyar masu ɗaukar hoton nan ba ta da majigi, muna miƙa wa juna hotuna hannu da hannu.

Yau aka fara duba hotunan baje kolin Afrilu. Taken bana Fuskokin Ruse, wato mutanen garinmu, kowa hoto ɗaya. Ni na kai na mijina, Lyuben. Dokar shugabanmu Bai Velko ba ta canza ba tun yana ɗaukar hoto a gidan jarida: in an haska hotonka a bango, bakinka ya mutu. Minti bakwai sai dai ka saurara. In ya buga cokali a kofin shayinsa ka ce "na gode", ka zauna.

Mutum biyu suka yaba hasken. Wani ya ce rigar ta fito. Sai Tihomir ya miƙe, ya taka har gaban bango, ya rufe rabin fuskar da littafinsa, ya buɗe, ya rufe ɗaya rabin.

Ya ce, "Malama Bistra, wannan ba mutum ɗaya ba ne. Rabin mutum ne sau biyu."

Na yi shiru. Doka.

Ya ce, "Babu wanda aka haifa da fuska daidai wa daida. Ni a bakin mutane nake wuni, na sani. Kin kwafi ɓangaren hagu, kin juya shi, kin manna a dama. Aikin ya yi tsabta, ban musa ba. Amma ku dubi girar nan, ga tabo. Ku dubi ɗayar, ga shi kuma, tsawo ɗaya, lanƙwasa ɗaya. Sai dai in da ma'auni aka sare shi."

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi.

Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya ƙara da cewa, "Ni dai ban ga wanda zan miƙa wa hannu a hoton nan ba. Ya fi kama da wanda ake mannawa a jikin bishiya tare da sanarwar rasuwa."

Bai san Lyuben ba. Bai san komai ba. To amma Zornitsa fa? Ƙawata mai ɗinki, wadda ni na kawo ta ƙungiyar, ni na koya mata riƙe kyamara. Ta san komai. Ina kallonta ta gyaɗa kai.

Cokali ya buga. Na ce na gode.

Juma'a, 7 ga Maris, ƙarfe 6:30 na safe

Na buɗe kwamfuta. Tabon yana nan, biyu. Awa tara na yi a kan hoton, ban gani ba. Igiyar jirgi ce ta tsaga masa girar hagu shekarar da muka yi aure, ni na riƙe masa tsumma har aka ɗinke.

Wannan bai ba wa kowa damar yin maganar sanarwar rasuwa ba.

Asabar, 8 ga Maris, ƙarfe 1:15 na rana

Ranar mata. Kowa a titi da fure a hannu. Ba komai.

Zornitsa ta zo da tukunyar miyar wake, kamar yadda take yi duk Asabar tun Janairu. Na karɓa a bakin ƙofa, ban matsa mata ta shigo ba.

Ta ce, "Fushi kike."

Na ce, "Da wa?"

"Bistra, na gyaɗa kai ne don tabon. Tabon yana nan. Ba maganar bishiyar na gyaɗa wa ba, ita wannan ko ni ta soke ni."

"Ta soke ki kika yi shiru?"

"To in ce me? Ke kika hana a gaya wa kowa."

Na ce, "Ke ce kika riƙe mini jaka a dogon barandan asibitin nan, kwana uku, lokacin da ɓarin jikinsa ya shanye. Ke kika ga yadda aka fito da shi. Ko da tabo goma ne, wuyanki ya kamata ya sandare."

Ta tsaya tana murza zaren ja da fari da ke wuyan hannunta, irin wanda muke ɗaurawa farkon Maris don fatan lafiya. Ta ce, "In gaisa da shi?"

Na ce yana barci. Ba barci yake ba, yana falo, yana ji.

Miyar ta yi gishiri. Ya shanye kwano biyu.

Litinin, 10 ga Maris, ƙarfe 4:00 na yamma

Na duba takardun jarrabawar aji tara, na zuba jan biro kamar ruwa. Wata ta yi kuka. Ba laifina ba ne in ba ta san gishiri daga sukari a ɗakin gwaji ba.

Matar da ke zuwa Litinin da Laraba tana koya wa Lyuben magana ta ce ana samun ci gaba. Kalma tara yanzu. Sunana har yau "Bisa" yake fita. Ta ce in daina ƙarasa masa magana. Kowa dai yana da abin da zai gyara mini.

Laraba, 12 ga Maris, ƙarfe 5:20 na yamma

Ya turo mini saƙo. Tihomir. Shafi biyu! Ya ɗauki hotona ya zana masa kibau ja, ya sa lamba ɗaya zuwa shida. Ɗaya, tabo. Biyu, hasken taga ya faɗo a kunci biyu lokaci guda, alhali rana ɗaya ce a sama. Uku, na goge tamojin gefen ido har fata ta zama kamar sabulu. Huɗu, biyar, shida, ban ma son maimaitawa.

A ƙarshe wai, "Da girmamawa. Mutumin yana da fuska mai ƙarfi, ban ga dalilin ɓoye ta ba. In kina so zan zo da fitiluna mu sake ɗauka tare."

Ya zo gidana. Da fitilu.

Bai ga dalili ba! Wa ya ce masa sai ya gani?

Na rubuta amsa sau uku na goge. Lamba biyu gaskiya ce, rana ɗaya ce. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

Alhamis, 13 ga Maris, ƙarfe 8:05 na yamma

Tunda gaskiya ake so, yau an sha ta.

Hoton Zornitsa aka haska na huɗu. Matar nan mai sayar da fure a bakin kasuwa, mai jan gyale. Shi ne karo na farko da Zornitsa ta yi ƙarfin halin neman shiga baje koli. Sati uku tana zarya wajen matar kafin ta yarda a ɗauke ta, na sani don ni take ba labari.

Na ɗaga hannu kafin kowa. Na je gaban bango, kamar yadda wasu suke yi.

Na ce, "Mu fara daga sama. Ga sandar fitilar titi ta tsiro daga tsakar kan matar. Taki ɗaya zuwa hagu ya isa ya kawar da ita. Mu sauko. An yanke mata yatsu huɗu a gefen hoto, ko ta bar su a gida ne? Launi kuma, an murɗa shi har fuskar ta koma kabewa. Matar nan na san ta, ba haka take ba ko da zazzaɓi."

Babu wanda ya yi dariya. Tihomir da ya yi nasa an yi.

Na ce, "Shekara uku ina faɗin abu ɗaya: duba gefunan hoto kafin ki danna. In mutum ba zai koya ba, ba dole ba ne. Ɗinki ma sana'a ce, a koma mata."

Cokali ya buga tun minti bakwai ba su cika ba. Zornitsa ta miƙe, ta ce na gode, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta zauna ta ɗora jaka a cinya ta riƙe da hannu biyu har aka tashi.

A matattakala Bai Velko ya kama gwiwar hannuna. Yana haki, shekara saba'in da takwas ba wasa ba. Ya ce, "'Yata, duk abin da kika faɗa a kan hoton haka yake."

Na ce, "To."

Ya ce, "Sai dai ba don hoton kika faɗa ba."

Na ce, "Bai Velko, wancan makon an kira mijina gawa, ban ji cokali ba."

Ya ce, "Shi bai san inda yake taka ba. Ke kin auna kika taka."

Wato jahilci lasisi ne. In ba ka san komai ba faɗi son ranka, a tafa maka. In ka sani kai ne mugu.

Juma'a, 14 ga Maris, ƙarfe 7:00 na safe

Sandar tana kan matar. Ban ƙirƙira ba.

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe 2:00 na rana

Ba wanda ya buga ƙofa. Na dafa shinkafa. Lyuben ya yi ta kallon agogon bango.

Lahadi, 16 ga Maris, ƙarfe 5:45 na yamma

Ya matsa sai mun je bakin kogi. Ya nuna taga, ya nuna sandarsa, ya nuna taga, har na gaji na ɗauko masa kwat. Tafiyar minti biyar ta ɗauke mu rabin awa. Kogin Dunav ya cika, jiragen kaya biyu suna haurawa. Ya tsaya ya bi su da ido, leɓensa yana motsi. Shekara talatin da ɗaya yana jan irinsu.

Sai ga wani tsohon abokin aikinsa, mai ƙaton ciki, ban ma riƙe sunansa ba. Ya daka tsawa kamar da kurma yake magana: "KYAFTIN! YAYA JIKI?" Bai jira amsa ba ya juyo gare ni, "Yana gane mutane kuwa?"

A gabansa! Na ce, "Tambaye shi mana, ga shi nan."

Ya yi 'yar dariya, ya daddaɓa masa kafaɗa. Duk tsayuwar nan na lura da idonsa. Ya zagaya ya tsaya ta hagun Lyuben, can yake kallo, can kawai. In idonsa ya zame zuwa dama sai ya yi maza ya ɗauke, kamar ya taɓa murhu. Mutumin da suka ci abinci a kwano ɗaya shekara ashirin, ya kasa kallon fuskarsa gaba ɗayanta na daƙiƙa biyar.

Irin mutanen nan ya kamata a haska a bango.

Talata, 18 ga Maris, ƙarfe 3:30 na yamma

Na dawo daga makaranta na same shi tsaye a soro, yana nuna ƙusar da ke bango. Na ce ai na gaya maka, madubin yana wajen mai gilashi, firam ɗin ne ya saki. Ya dube ni. Ya ce, "A'a."

A cikin kalmominsa wannan ce ta fi fita sarai.

Na ce to ka yarda ko kar ka yarda. Na shige kicin na kunna famfo.

Alhamis, 20 ga Maris, ƙarfe 7:10 na yamma

Ban je ba. Ƙarfe biyar ta yi mini ina goge kwanon da na riga na goge.

Bai Velko ya kira bayan an tashi. Ya ce kujeru biyu babu kowa yau. Zornitsa ta aiko a cire hotonta daga jerin.

Na ce, "Ruwanta."

Ya ce, "Tihomir yana ta tambaya ko ya ɓata miki rai. Ki bar ni in gaya masa."

Na ce, "Kada ka kuskura."

"Me ya sa?"

"Don gobe ya zo mini da fure da sunkuyar da kai? Ya ce ashe hoton yana da kyau? Na gode, ba na bukata."

Ina jin cokalin yana juyawa a kofi. Ya ce, "Alhamis mai zuwa ake rufe zaɓe. Ki zo da abin da kika ga dama, amma ki zo."

Shekara goma sha huɗu ba a taɓa buɗe baje kolin nan babu hotona ba.

Asabar, 22 ga Maris, ƙarfe 12:40 na rana



Na je kasuwa. Na bi ta bayan rumfuna don kada in wuce ta gaban mai furen. Da na dawo na tarar da Lyuben a teburin kicin, ya zaro hoton daga ambulan. Wanda na wanke babba don baje koli, na cusa shi ƙarƙashin takardun makaranta. Ban taɓa nuna masa ba. Ban san yadda ya buɗe ambulan ɗin da hannu ɗaya ba, gefensa duk alamar haƙori.

Na ajiye kaya. Ya ɗago. Ya taɓa girarsa ta hagu. Ya taɓa hoton, nan, da nan. Ya ɗaga yatsu.

Ya ce, "Biyu."

Sabuwar kalma. Sai ya fashe da dariya, irin wadda ban ji ba tun kafin Janairu, kafaɗa tana girgiza, har ya ƙware. Ni ma na fara, ban san lokacin da na fara ba.

Sai ya daina. Ya daɗe yana kallon hoton. Ya ɗora yatsa a kan bakin, wannan madaidaicin bakin da na yi awa huɗu ina ginawa. Ya ce, "Wa?"

Na ce, "Kai ne mana."

Ya ce, "Wa?"

Ya kife hoton. Ya dafa tebur ya miƙe, ya ɗauki sanda, ya nufi ɗakin kwana, ya tsaya gaban kabad, ya buga gefensa da sandar sau biyu. Ashe ya sani. Wata biyu ina yi masa ƙaryar mai gilashi, shi kuwa yana kwance yana hango gefen firam ɗin ta bayan kabad.

Na jawo madubin. Na goge ƙurar da hannun rigata. Na riƙe masa.

Abin da ya biyo baya ba na takarda ba ne.

Daga baya, da muka wanke fuska, ya nuna jakar kyamara.

Lahadi, 23 ga Maris, ƙarfe 6:15 na yamma

Hoto arba'in da uku. A falo, a kujerarsa, da fitilar sama. Mutum mai kalma goma sha ɗaya, amma ya fi kowane shugaban makaranta iya ba da umarni. Na ce juya kaɗan zuwa dama, ina nufin in samu ɓangaren da na saba. Ya ƙi. Ya fuskance ni sak, ya kafe.

Na zaɓi ɗaya. Na cire ɗigon ƙurar gilashin kyamara guda biyu daga bangon hoton, na rage duhu kaɗan. Linzamin kwamfuta ya kai kan leɓen da kansa sau uku. Na zauna a kan hannuna.

Talata, 25 ga Maris, ƙarfe 5:30 na yamma

Tukunyar mutane ba a mayar da ita wayam. Na gasa banitsa, wainar fulawa mai cuku, na cika ta, na tafi shagon ɗinkin Zornitsa.

Tana kan keke, allurai a baki. Ta ga ni ce, ba ta tsayar da keken ba sai da ta kai ƙarshen layi.

Ta ce, "Ajiye can."

Na ajiye. Na ce, "Maganar da na yi..."

"Wacce? Sandar? Na gan ta. Yanzu ko na rufe ido ita nake gani. Yatsun ma na gani."

"Ta ƙarshen."

Ta zare alluran ɗaya bayan ɗaya ta soka a matashi. Ta ce, "Shekara talatin ina durƙusa a gaban mata ina auna musu gindin siket. Alhamis ce kaɗai ranar da nake zama a kujera a tambaye ni me na gani. Kin san haka. Ke na fara gaya wa."

Na ce na sani.

"Shi ya sa kika zaɓe ta."

Na ce eh. Na ce ki yafe mini. Da ƙyar ta fita.

Ba ta ce ta yafe ba. Ta buɗe tukunyar ta gutsira, ta ce cukun ya yi kaɗan. Sannan ta jawo tsohuwar kwamfutarta daga ƙarƙashin yadudduka ta ce, "Tunda kin zo, nuna mini yadda ake mayar da kabewa mutum."

Awa ɗaya muka yi. Launin ya dawo. Muka matse hoton daga sama, mafi yawan sandar ta fita, sauran muka dusashe. Yatsun kam ba dabara, sai dai a matso kusa a bar hannun gaba ɗaya. Da muka matso sai ga idon matar, ashe dariya take ɓoyewa. Hoto ne mai kyau. Da ma can mai kyau ne, ban faɗa ba ranar.

Da zan fita ta ce, "Zan zo Alhamis. Amma ki sani, na daina gyaɗa kai kawai. In na ga abu zan faɗa."

Na ce faɗi mana, wa ya hana ki. Har da wani ɗaga haɓa na yi.

Alhamis, 27 ga Maris, ƙarfe 8:20 na yamma

Ban san da wa zan fara ba. Da dukkansu.

Aka haska sabon hoton. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin fankar majigi. Lyuben a bango, tsawon mutum, yadda yake.

Na saci kallon Tihomir. Jini ya bar fuskarsa. Ya ce, "Malama Bistra, ni ban... wallahi da na san..."

Bai Velko ya ce, "Hoto muke dubawa."

To sai aka fara. Wannan ya ce hoto ne mai taɓa zuciya. Waccan ta ce jarumta ce. Wani wanda bai taɓa barin hotona ya wuce ba sai ya ce bango ya karkace, yau cewa ya yi ba shi da abin ƙarawa. Tihomir, mai kibau shida, ya ce, "Ya yi. Ya yi sosai," yana kallon takalminsa.

Muryar nan na san ta. Da ita ake yi wa Lyuben magana a bakin kogi.

Na karya doka, karo na farko a shekara goma sha huɗu. Na miƙe na ce, "Ban kawo shi nan don a yi masa sannu ba. Hoto na kawo. In ba za ku duba ba ku kashe majigin."

Bai Velko ya ɗaga cokali, ya riƙe shi a sama, bai buga ba.

Zornitsa ta ɗaga hannu. Ta ce, "Kunnen ne ya fito tar. Ana iya ƙirga gashinsa. Idon ya yi dishi-dishi."

Na juya na duba. Haka ne.

Ta ce, "Ke kika koya mini, in ido bai fito ba babu hoto. Kuma kin tsaya nesa, Bistra. Rabin hoton kujera ce da labule. Kamar kina tsoron ya kama ki kina kallonsa."

A gaban mutane! Ni na ce ta faɗa, amma ban ce ta tuɓe ni ba.

Sai bakin Tihomir ya buɗe. A hankali da farko, daga baya ya manta da kunyar, ya koma halinsa. Fitilar sama ta haƙa masa ramuka a ido, ta jefa inuwar hanci a kan baki, ta tsananta abin da ba ya bukatar tsanantawa. A zaunar da shi gefen taga da safe. A rataya farin zanen gado a ɗaya gefen ya mayar da haske. A sauko daidai tsayin idonsa, a daina ɗaukarsa daga sama kamar mai duba mara lafiya. A matso taki biyu.

Ya ce, "Amma wannan mutumin zan miƙa masa hannu. Hoton ne bai kai shi ba tukuna."

Aka kaɗa ƙuri'a. Na mai furen ya shiga da hannu tara. Nawa hannu huɗu. Zornitsa ba ta ɗaga ba. Tihomir bai ɗaga ba. Bai Velko ma, tsohon banza, bai ɗaga ba.

An rufe jerin. Bana babu ni.

Na ce na gode. Har yanzu ban san ko da gaske nake ba. Kunne! Hoto arba'in da uku, in rasa wanda zan zaɓa sai mai kunne.

Juma'a, 28 ga Maris, ƙarfe 4:10 na yamma

Na duba sauran arba'in da biyun. Kunne, kafaɗa, maɓallin riga, kunne. Babu ido ko ɗaya.

Na gaya wa Lyuben ba a ɗauke mu ba. Na gaya masa duka, har taga da zanen gado. Ya saurara har ƙarshe. Ya yi tsaki da rabin baki, ban san ko su yake yi wa ko ni ba.

Asabar, 29 ga Maris, ƙarfe 10:30 na safe

Ƙarar jan kujera ce ta fito da ni daga kicin. Ya tura ta da gwiwa tun daga falo har gindin tagar ɗakin kwana. Ya yaye zanen gadonmu ya bar shi a ƙasa, wai in rataya.

Ya yi aski da kansa, da hannun hagu. Ya yanke a wuri uku, ya manna guntayen takarda, jini ya ɓullo ta cikinsu. Ya saka kwat ɗinsa na jirgi, maɓallan sun haura juna da ɗaya.

Na ce, "Baje kolin fa an rufe. Babu wanda zai gani."

Ya zauna.

Na rataya zanen a ƙofar kabad. Na jawo ɗan benci na zauna daidai tsayinsa. Na matso taki ɗaya. Ya yi mini alama da yatsa, na ƙara ɗaya. Gwiwata tana taɓa tasa.

Gefen bakinsa na dama ya jiƙe kaɗan. Na zaro hankici na miƙa hannu, in share, in cire takardun, in gyara maɓallan. Ya cafke wuyan hannuna. Har yanzu da ƙarfinsa a wannan hannun.

Ya ce, "Bari."

Ya saki. Ya nuna kyamarar da haɓa.

"Ɗauka."

Na sa ido a kyamara, na nemi idonsa, na tsaya a kai har ya fito tar. Kallona yake sak, kuma haushina yake ji don na daɗe. Na danna.